Mun Raina Mai Dutse, Mun Yi Shiru Ana Niƙe Tarihi

Jama'a, akwai wata magana da ta daɗe tana cin ranmu, kuma lokaci ya yi da za mu faɗa wa kanmu ita ba tare da kwana-kwana ba. Mu Hausawan Garwa mun iya girmama mai shago da mai mota, amma mutumin da ke sassaƙa dutse a bayan gari, kallon wanda ya rasa sana'a muke yi masa. Wannan raini bai tsaya a kan mutum ɗaya ba, ya shafi ƙasar da muke zaune a cikinta baki ɗaya.

Ku dubi yinin mai sassaƙa dutsen niƙa. Tun da asuba yake hawa dutse da guduma da ƙarfen sassaƙa, domin da zarar ranar bazara ta take, dutse ba ya taɓuwa. Maƙwabtansa a can su ne rema da gwaggon biri da damo, sai kunama da kububuwa da ke laɓe ƙarƙashin duwatsun da zai ɗaga. Ya san dutsen da zai tsage da wanda zai jure, ya san yadda ake koɗa shi har ya ci gero. Idan tsuntsaye suka yi tsit ko birai suka sauya hanya, shi ke fara lura. Ilimin daji ne da ba a rubuta ba. Amma idan ya sauko da kayansa kasuwa, mu ne za mu taya shi da farashin wulaƙanci, mu ce ai injin niƙa ya shigo.

Wannan sana'a tana da kakanni a nan. A Bidzar, kan hanyar Garwa zuwa Marwa, kusa da Gider da Figil, akwai zane-zane kimanin 500 da mutanen da suka shuɗe suka sassaƙa a kan shimfiɗaɗɗun duwatsun marmara. Buisson ya ba da labarinsu tun 1933, daga baya Alain Marliac ya yi nazarinsu, kuma a 2006 Kamaru ta sa wurin cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su. Matsalar ita ce irin wannan dutsen ne ake haƙowa a yankin don siminti da adon gine-gine. Abin da hannu ya ƙwanƙwasa sannu a hankali, na'ura za ta iya mayar da shi gari cikin sa'a guda. Mu nawa ne muka taɓa tsayawa a Bidzar, alhali motocinmu na ratsa wurin dare da rana?

Wasu za su ce sassaƙa aikin gumaka ne. To, su je su gani da idonsu. Galibin abin da ke Bidzar da'irori ne da layuka, irin siffofin da magina ke zanawa a zaurukan Kano da Zariya, babu wanda ya ce a yi musu sujada. Dutsen niƙa kuwa, wane gida ne kakanninmu mata ba su durƙusa a gabansa ba?

Wasu kuma za su ce ba gadonmu ba ne, na Gidar ne, mu baƙi ne. Wannan ita ce hujja mafi rauni. Tun ƙarni na 19 fatake Hausawa ke ratsa Adamawa, kuma hauren giwa na cikin manyan hajojin da suka yi arziki da su. Wanda ya ci ribar daji ba shi da bakin cewa daji bai shafe shi ba. Mun ga abin da shiru ke haifarwa. Baƙar karkanda ta yammacin Afirka, wadda mafakarta ta ƙarshe ita ce arewacin Kamaru, an neme ta a 2006 ba a samu ko ɗaya ba, a 2011 aka sanar da cewa ta ƙare a duniya. A farkon 2012 mafarauta suka karkashe ɗaruruwan giwaye a gandun dajin Buba Njida. Dabbar da ta ƙare ba ta dawowa, haka ma zanen da aka niƙe.

Saboda haka muna kira. 'Yan kasuwarmu masu sayar da siminti da tsakuwa su riƙa tambayar inda aka fasa dutsen. Malaman makarantunmu, na boko da na Islamiyya, su kai yara Bidzar. Shugabannin unguwanninmu su haɗa murya da mutanen Gidar wajen neman a kare wurin yadda ya kamata. Mu kuma idan mai dutse ya zo ƙofarmu, mu shimfiɗa masa tabarma, mu biya shi haƙƙin guminsa, mu tambaye shi abin da ya gani a daji.

Bahaushe ya ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Tsiraru ne mu a ƙasar nan, kuma wanda bai tsaya wa gadon maƙwabcinsa ba, ranar da za a zo kan nasa zai waiga bai ga kowa ba. Allah ya sa mu gane.