A Bar Wa Ruwa Masaukinsa

 Yau maganar kududdufi nake tafe da ita, ko da yake na san wasunku za su yatsine fuska, su ce me ke cikinsa ban da wari da sauro da kukan kwaɗi. To, ku ba ni aron hankalinku tukuna.

Duk wadda ta san cikin birnin Kano ta san tsofaffin unguwanni da yawa suna da nasu kududdufin. Asalinsu ramuka ne da kakanninmu suka haƙa suna ɗibar ƙasar gina gidaje da ganuwa. In damina ta sauka, ruwan indararo da na lungu sai ya gangara can ya kwanta, ƙasa ta riƙa shan sa sannu a hankali, rijiyoyin unguwa su amfana. Wanda ya yi saura ya bi Jakara, ya ratsa ta gefen kasuwar Kurmi ya fice daga gari. Watau tun ba a san injiniya ba, mutanen dā sun bar wa ruwa masauki.

Yanzu fa? Sai a yi ta zuba shara a kududdufi har ya cika, a yanka filotai, a jera shaguna. Mu ma a gida mun shafe tsakar gida da siminti ƙaf, wai don kada yara su shigo da taɓo. Ruwa kuwa dole ya sami wurin zama. In an hana shi rami, ɗakinki zai nufa.

Ga shi kuma ruwan ma ya sake hali. Akwai wani bincike da aka fitar a 2017, wanda masana suka duba hotunan tauraron ɗan'adam, suka gano cewa manyan hadarurrukan da ke zubo ruwa kamar da bakin ƙwarya a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Ba mu manta da watan Satumba na 2024 ba, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri cikin dare. Gaskiya ne wannan ɓallewar madatsa ce, amma ta nuna irin ruwan da garuruwanmu za su riƙa karɓa. Kuma wa ke kwana tsaye da bokiti? Katifar wa ke jiƙewa, garin tuwon wa ke lalacewa? In masai ya cika ya haɗu da rijiya, wa ke goya yaro zuwa asibiti da amai da gudawa? Mu ne.

Masu cewa a cike suna da hujja, ban musa ba. Sauro na hayayyafa a ruwan kwance, an kuma sha rasa yara a kududdufi. Amma maganin wannan shi ne a yashe shi, a kewaye shi da shinge, a hana zuba ƙazanta, a buɗe masa mafita, sa'an nan a dasa itatuwa a bakinsa. Itacen ma aiki biyu yake yi: saiwarsa na buɗe wa ruwa hanya cikin ƙasa, inuwarsa na rage mana zafin Afrilu a ƙarƙashin rufin kwano. Maƙwabtanmu na Yamai sun fara kewaye birninsu da dalbejiya tun 1965, sai dai su ma gine-gine sun cinye sashe mai yawa. Ashe ciwon ɗaya ne.

Kada ki ce wannan aikin hukuma ne kaɗai. Sharar da ke toshe lambatu daga gidajenmu take fita, mu ne muke ba yaro mu ce ya zubar, ba mu tambayi inda ya kai ta ba. Ki bar ko da kusurwa ɗaya ta tsakar gida babu siminti, ki sa zogale ko lemo. In kun haɗu a Islamiyya ko wajen adashi, ku tayar da maganar, ku tura wa mai unguwa da kansila saƙo tun ba a fara sauke bulo ba. In kuwa maigida ya zo da murna ya sami filoti mai araha, ki tambaye shi cikin ladabi abin da ke wurin kafin a yanka shi.