Awa 20 a mako: lissafin da ba ma yi kafin mu tura yaro karatu waje

A watan jiya wani dattijo ɗan unguwarmu a nan Kumasi ya same ni bayan an tashi daga makaranta, riƙe da takardar da wata jami'a a Ingila ta aiko wa ɗansa. Ni na koyar da yaron a ƙaramar sakandare a shekarun da na fara aiki, kuma yana da ƙwaƙwalwa. An ba shi gurbin digiri na biyu, uban kuma har ya sa filinsa a kasuwa don biyan kason farko na kuɗin makaranta. Na ce, "Baba, sauran kuɗin fa?" Ya ce, "Malam, ai can akwai aiki. Da ya sauka zai fara, ya biya da kansa."

Ba shi kaɗai ke wannan tunani ba. A zango maganar ta zama kamar karatun da kowa ya haddace, kuma dillalan tafiya ba sa gyara wa kowa ita, tunda daga nan suke ci. Sai na ɗauko takarda muka yi lissafi tare.

A Ingila, ɗalibin digiri yana da izinin aikin awa 20 a mako lokacin karatu. Mafi ƙarancin ladan awa ɗaya ga mai shekara 21 zuwa sama, a Afrilun 2025, ya kasance fam 12.21. Idan yaro ya samu awoyinsa cif, bai yi rashin lafiya ba, bai tsaya don jarrabawa ba, zai tashi da kusan fam 244 a mako, wato fam 1,058 ke nan a wata. Ita kuwa gwamnatin ƙasar, a Janairun 2025, ta ƙiyasta cewa ɗalibi yana buƙatar fam 1,136 a wata don haya da abinci da sufuri idan ba a Landan yake ba, a Landan kuma fam 1,483. Ke nan ladan bai ma kai kuɗin zama ba, balle kuɗin makaranta da yawanci ya haura fam 10,000 a shekara. Wani zai ce ai a lokacin hutu ana barin ɗalibi ya yi cikakken aiki. Gaskiya ne, amma mai digiri na biyu na shekara ɗaya hutunsa kaɗan ne, don watannin da yake rubuta kundinsa yawancin jami'o'i cikin lokacin karatu suke lissafa su.

Daga nan ne yaro ke fara neman hanyar bayan gida. Dokar ba ta yarda ka yi awa 30 wannan mako ka yi 10 mako mai zuwa ba, kowane mako zaman kansa yake yi daga Litinin zuwa Lahadi. Ba ta yarda ɗalibi ya yi sana'ar kansa ba, shi ya sa kai abinci gida-gida a kan keke ta manhajar waya, wanda samarinmu ke ɗauka aikin banza ne, yake iya jawo a soke biza. Tun Fabrairun 2024 tarar da ake ci wa mai ɗaukar ma'aikaci ba bisa ƙa'ida ba ta kai har fam 45,000 a karon farko, don haka kamfani mai mutunci ba zai ƙara maka ko awa ɗaya ba. Wanda zai ƙara maka shi ne mai biya a hannu, ƙasa da ƙa'ida, kuma ran da ya hana ka haƙƙinka ba ka da inda za ka kai ƙara.

Kanada ta gwada sakin igiyar. A Nuwamban 2022 ta cire iyakar awa 20 gaba ɗaya saboda ƙarancin ma'aikata, aka yi ta yi har ƙarshen Afrilun 2024, sannan ta dawo da iyaka, daga baya ta tsayar da ita a awa 24. A daidai wannan lokaci ta ɗaga kuɗin zaman da ɗalibi zai nuna daga dalar Kanada 10,000 zuwa 20,635. A Amurka ma dai awa 20 ne, kuma a harabar jami'a kawai sai da izini na musamman. A ganina saƙon ƙasashen nan ɗaya ne: ka zo da kuɗinka, aikin na cefane ne.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke wasa da wannan sharaɗi na nuna kuɗi. Ingila tana so kuɗin ya kwana 28 a jere a asusu. Sai a je a ranto, wani lokaci har da ruwa a kai, a zuba a banki, biza na fitowa a mayar wa mai shi. Muna ganin ofishin jakadanci muka yi wa dabara, alhali adadin nan shi ne abin da yaron zai ci ya sha. Ya sauka da aljihu wayam, ga bashin jami'a na jiransa. Ko mai kuɗinsa na gaskiya ma bai tsira ba. Mun ga yadda dala ta tashi daga kusan sidi 6 a farkon 2022 zuwa sama da 13 a Nuwamban shekarar. A 2024 faɗuwar naira ta sa wasu ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside suka kasa biya a kan lokaci, aka dakatar da su, aka ce su bar ƙasar.

Mu na gida kuma muna da namu laifin. Wata biyu da tafiyar yaro, waya ta fara ƙara: suna, biki, kuɗin asibiti, ragon Layya. Wanda ya kwana yana ɗaukar kwali a sito ko yana juya tsofaffi a gidan kula da su, da safe ya shiga aji yana gyangyaɗi, kunya ba za ta bar shi ya ce babu ba. Ni malami ne, na san fuskar yaron da ya kwana yana talla, ba ya ɗaukar komai a aji, kuma girma ba ya canza wannan.

Ba ina cewa aikin ba shi da amfani ba ne. Yana rage nauyi, yana gyara harshe, yana koya wa yaro kiyaye lokaci. Amma wanda ke da abin zama a hannu shi ke da bakin zaɓe: ya ƙi aikin mashaya, ya roƙi a ba shi awa ɗaya ranar Juma'a. Wanda haya ta shaƙe wa wuya duk abin da aka miƙo karɓa zai yi.

Inda lissafin ya ɗan matso kusa shi ne Jamus. Yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu sai ɗan abin da ake biya kowane zangon karatu, kuma tun Maris 2024 ɗalibi na iya aikin cikakkun kwana 140 a shekara. Sai dai sai ka kulle kusan yuro 12,000 a asusu na musamman kafin a ba ka biza, kuma in ba ka jin Jamusanci ayyukan da za ka samu kaɗan ne.

Na shawarci dattijon su rubuta wa jami'ar a ɗage gurbin zuwa baɗi, yaron ya yi amfani da shekarar ya nemi tallafin karatu irin su Chevening da Commonwealth, ya kuma duba Jamus. Ya naɗe takardar lissafin ya sa a aljihu, ya ce zai yi shawara da 'yan'uwansa. Da na bi ta wajen shekaranjiya, allon sayarwa na nan a kafe a filin.