Kafin ka sayi makirfo, ɗaga kai ka dubi silin

Bara, da jarrabawa ta matso, na shiga naɗar darasin karatu da shifta a wayata ina tura wa iyayen ɗalibaina ta WhatsApp, don yara su riƙa bita a gida. Bayan sati biyu wata uwa ta tare ni a ƙofar lakwal, muka gaisa, ta ce: "Mushe, Allah ya saka da alheri, amma fa kamar daga cikin rijiya kake magana. Yarinyar nan sai ta saurara sau uku kafin ta rubuta layi guda." Na yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai. Na ɗora wa waya laifi, na je na aro makirfo mai tsada wurin wani abokina. Da na saurari abin da na naɗa, sai na ji rijiyar ta ƙara zurfi. Ashe makirfo mai kyau ba ya ɓoye aibin ɗaki, tona shi yake yi.

Abin da nake so in faɗa wa malamai ƴan'uwana, da matasa masu waƙa da masu bege, da duk mai naɗar murya a falon gidansa, shi ne: kuɗin farko na ɗaki ne, ba na na'ura ba. A cikin ɗakin kuma, wurin da muka fi mantawa da shi, wato silin, shi ya fi cutar da mu.

Ga dalili. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa guda. In kana zaune, bakinka na wajen mita 1.2 daga ƙasa, silin kuma na mita 2.8, muryarka za ta hau ta bugi silin ta dawo cikin kashi 9 cikin 1,000 na daƙiƙa. Kunne ba ya jin wannan a matsayin murya ta biyu. Cakuɗewa take da ta farko, ta danne wasu sassanta ta kumbura wasu, sai murya ta fito kamar ana magana cikin tulu. In ƙasan tayil ne ko siminti, sautin zai yi ta kai-da-kawo tsakanin sama da ƙasa. Gwada da kanka: tsaya tsakiyar falo ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. In ka ji wani siririn amo ya biyo baya yana karkarwa, to ka ji ciwon ɗakinka. Bango yana da masu rufa masa asiri, ga labule, ga kujeru, ga kabad ɗin littattafai. Ƙasa tana samun darduma. Silin ne kawai fayau, ba komai a jikinsa sai fanka da ƙwan lantarki.

Wannan ilimi ba sabo ba ne, kuma daga matsalar koyarwa ya samo asali. A 1895 jami'ar Harvard ta Amurka ta ɗora wa wani matashin malamin kimiyya, Wallace Sabine, aikin gyara wani ɗakin lacca da kalma ke daɗewa tana yawo a cikinsa sama da daƙiƙa 5, ɗalibai ba sa gane abin da ake faɗa. Shi da mataimakansa suka riƙa kwaso matasan kujeru daga wani zaure cikin dare, suna jerawa suna aunawa da agogo. Ya gano cewa daɗewar amsa-kuwwa tana ƙaruwa da girman ɗaki, tana raguwa da yawan abin da ke shanye sauti. Da wannan lissafi aka tsara babban zauren kiɗa na Boston da aka buɗe a 1900. A makarantar horon malamai an koya mana yadda ake ɗaga murya da inda ake tsayawa a aji, amma ni dai sai da na kunyata kafin na san cewa ɗaki ma yana magana tare da malami.

Kakanninmu sun ci moriyar wannan ba tare da lissafi ba. Shiga tsohon soro a Birnin Damagaram ko Agadas, mai bangon ƙasa da rufin azara, ka yi magana, za ka ji murya ta zauna daram. Jikin ginin ba sumul yake ba, azara da tabarmin rufi suna wargaza sauti. Mu ne muka koma siminti da tayil da filasta mai santsi. Ban ce mu rushe gidajenmu ba. Cewa na yi mu mayar wa ɗaki kaɗan daga abin da muka cire masa.

Yadda na yi ba wuya. Na sa kafinta ya haɗa mini firam biyu na katako mara nauyi, kowane santimita 120 a 60, kaurinsa santimita 10. Abin da ya fi dacewa a cika shi da shi audugar dutse ce ko audugar gilashi, irin wadda magina ke sawa don tare zafi, domin tana shan sauti kuma ba ta saurin kama wuta. Sai dai tana sa ƙaiƙayi, a sa safar hannu da takunkumi, a kuma rufe ta ruf da yadi. In ba a samu ba, tsofaffin barguna da aka ninka suna taimakawa. Yadin rufi ya zama wanda iska ke ratsawa: kanga shi a baki ka hura, in numfashi ya wuce to sauti ma zai wuce. Leda ko tamfol ba su da amfani a nan. Sai a rataye su da ƙugiyoyi masu ƙwari daidai saman inda kake zama da inda makirfo yake, a bar tazarar santimita 5 zuwa 10 tsakaninsu da silin. Wannan tazara ba ado ba ce, tana sa a kama sauti mai kauri. A ƙasa kuma na shimfiɗa darduma. Iyakar abin ke nan.

Yanzu ga inda na saɓa da abin da ya zama yayi. Ka shiga ɗakunan naɗar waƙa na cikin unguwa, za ka tarar an lulluɓe sama da bango da kwalin ƙwai ko soson katifa. An ga hoton manyan sitidiyo an kwaikwayi siffa, an bar ma'ana. Sauti mai kauri zangonsa dogo ne, wanda ke kaɗawa sau 100 a daƙiƙa ya haura mita 3, abin da bai kai kaurin yatsa ba ina zai kama shi? Ɗan siririn amon sama kawai yake ragewa, ya bar maka gurnanin. Mafi muni kuma, makamashi ne ka rataye a kanka. A watan Fabrairun 2003 tartsatsin wasan wuta ya kama soson da aka liƙa a wani gidan rawa a jihar Rhode Island ta Amurka, mutum 100 suka mutu. A Janairun 2013 irin haka ta faru a garin Santa Maria na Brazil, soson silin ya kama, hayaƙinsa mai guba ya yi sanadin mutuwar mutum 242. Mu malamai a Nijar ba sai an yi mana bayanin wuta ba, ba mu manta da gobarar azuzuwan zana ta Yamai da ta Maraɗi a 2021 ba. Falo wurin barcin yara ne da rana. Ko bargo ne ka sa, nisanta shi da ƙwan lantarki da wayar wuta da fanka.

Kada kuma wani ya ruɗe ka. Gyaran silin yana rage amsa-kuwwar cikin ɗaki ne, ba ya hana ƙarar waje shigowa. Kabu-kabu zai wuce ka ji shi, carar zakara za ta shiga, ruwan damina a kan kwano kuwa sai dai ka haƙura ya ɗauke. Tare ƙara aikin gini mai nauyi ne da toshe kafofi, kuɗinsa daban. Maganinta mai araha zaɓen lokaci ne. Ni bayan sallar isha'i nake yi, in gari ya lafa, in kashe fanka, in matso da makirfo kamar taƙi guda daga bakina.

Na san za a ce ai abin da aka faɗa shi ne muhimmi, ba daɗin murya ba. Gaskiya ne, amma sai an ji ake ganewa. Amsa-kuwwa baƙaƙe take fara cinyewa, kuma a nan bambancin kafa da ƙafa yake, da na bari da ɓari. Yaron da ke koyon shifta, ko mai hadda da ke son rarrabe sinun da sadi, ba shi da malami kusa da zai ce ya maimaita. Babba yana cike giɓi da abin da ya riga ya sani, yaro kuwa abin da ya ji shi zai rubuta. Wasu kuma za su ce akwai manhajoji masu wanke murya. Akwai, kuma suna ƙoƙari, amma suna cin data, kuma sau da yawa su bar muryar kamar ta ƙarfe. Ga mawaƙa masu son eko: ai naɗa a bushe ka ƙara daga baya gwargwadon so ya fi. Gishirin da ya yi yawa a miya ba ya tsamuwa.

Saura magana guda. Falo ba naka ba ne kai kaɗai. Uwargida ba ta yarda ba da farko, ta ce za a mayar mata da ɗaki shagon kafinta. Muka daidaita a kan ita za ta zaɓi atamfar da za a rufe su da ita, yanzu baƙi ado suke ɗauka. In gidan haya kake, nemi izinin mai gida kafin ka huda masa silin, kuma ka tabbatar ƙugiya ta kama katako ko kankare, ba filasta ba.

Ranar da na tura darasi na farko bayan gyaran, uwar nan ta aiko da saƙon murya: "Mushe, yau kam ka fito daga rijiya." Makirfon aron kuwa tuni na mayar wa mai shi. Da wayar nan tawa ta da nake ci gaba da aiki.