Wasiƙa ga Kanikawan Damari: A Nemo Inda Iska Ke Shiga Kafin a Sayi Kaya

Iyayen gidana da 'yan'uwana masu gareji.

Tun sulhun zaman lafiya da aka yi a yankinmu a ƙarshen 2024 motoci suka ƙaru a hanyoyinmu, kuma yawancinsu tsofaffi ne: Golf 3 da Sharon da aka ƙera tun shekarun 1990, da ragowar Fijo 504 ta Kaduna. Akwai wata cuta da ke damunsu wadda nake roƙon ku ba ta haƙƙinta, wato injin da ke zuƙar iska ta ɓarauniyar hanya.

Kun san alamunta. Direba ya ɗaga ƙafa daga totur, injin ya kama rawa, ko ya hau ya sauka, ko ya mutu a kwana. Zafin injin da bushewar hunturu sun busar da tiyon roba ya tsage, ko gasket ɗin manifol ya saki saboda gargadar hanya. Iska ta fi mai yawa, wuta ba ta kamawa daidai.

Abin da ke ci mini rai shi ne a fara da canza fulogi, gobe famfon mai, jibi wankin nozul, a ƙarshe a murɗa sukurun totur don injin ya daina mutuwa. Ɓoye ciwo ne wannan. Motar za ta ƙara shan mai, ga yadda fetur ya koma tun cire tallafi a 2023, kuma injin da iska ta yi wa yawa zafi yake yi har bawul ya ƙone.

Maimakon haka, ku ɗauki guntun tiyo, baki ɗaya a kunne, ɗayan ku bi jikin manifol da shi. Tsakin iska ba ya ɓuya. Ku matse tiyoyin ɗaya bayan ɗaya da filaya, wanda injin ya lafa a kansa shi ne mai laifi. Ku fesa ruwa a mahaɗa ku saurari canjin ƙara. Don Allah ban da fetur a kan injin mai zafi. Sannan kada ku manta babban tiyon da ke zuwa birki: a kashe mota, a taka birki har ya yi tauri, a riƙe, a tayar. Idan bai ɗan nutse ba, akwai matsala, kuma wannan batun rai ne. Motar da ta mutu a dajin nan, ɗauke da mata da yara, ba garejinku kaɗai ta shafa ba.

Batun kuɗi kuwa, ku raba wa mai mota lissafi gida uku: kuɗin bincike, kuɗin kaya, kuɗin aiki. Ku karɓi ladan bincikenku ba kunya, ilimi ne. Da haka zai iya kwatanta naku da na Funtuwa ko Fanteka ta Kaduna, ya haɗa da man zuwa da dawowa da yinin da zai rasa. In gasket ne na tsohuwar motar da ba ku da shi, ku faɗa masa tun da wuri ya aika a sayo sabo, kada a liƙe tsohon da gam.

Wassalam.