Kada mu sayar da tsohuwar fanka da kilo

Duk wanda ke zaman rumfa a kasuwar Maraɗi, ko Ɗan Isa, ko Birnin Ƙonni, ko Magarya, ya san abin da watannin Afrilu da Mayu ke zuwa da shi. Zafi kan haura digiri 40, kwanon rumfa ya ɗauki rana kamar tanda, mai saye ya ƙi tsayawa a yi ciniki. A irin wannan lokaci fanka na cikin jarin ɗan kasuwa, kamar sikeli da mudu. Shi ya sa abin da muke gani a wurin ƴan gwangwan ke damunmu ƙwarai. Za ka tarar da tsohuwar fanka mai nauyi, wadda ta shekara talatin ko arba'in tana aiki a wani kanti ko masallaci, an sa guduma an fasa motonta, an zare jar wayar da ke ciki, an ɗora sauran ƙarfen a sikeli. Sau da yawa abin da ya kashe ta bai wuce wani ɗan ƙaramin abu da ake sauyawa cikin minti goma ba. Mu dai a ganinmu wannan asara ce, kuma mu ƴan kasuwa muna da hannu a cikinta.

Bari mu ɗan waiwayi tarihi, domin a san abin da ake fasawa. Ita kanta kalmar fanka daga Indiya ta taso, inda suke kiran mafici da suna pankha. Can ne Turawan Ingila suka saba da wani faffaɗan ƙyalle da ake ratayewa a rufin ɗaki, bara na zaune yana jan igiya yana kaɗa shi, suka kuma yi ta yawo da sunan zuwa ƙasashen da suka mallaka. Fanka mai aiki da kuran kuwa a Amurka aka fara ta, a shekarar 1882, lokacin da wani injiniya mai suna Schuyler Wheeler ya ɗaura fukafukai biyu a jikin ƙaramin moto. A cikin shekarun nan na 1880 ne kuma Philip Diehl, ma'aikacin kamfanin keken ɗinki na Singer, ya ɗauki moton keken ɗinki ya sa masa fukafukai ya rataye a sama, aka samu fankar rufi. A shekarar 1888 Nikola Tesla ya yi rajistar irin moton da ke juyawa da ƙarfin maganaɗisu ba tare da gawayi na gogar komai ba, wanda jikokinsa ne ke cikin yawancin fankokinmu har yau.

Daga nan kamfanoni suka shiga tsere: Emerson, Westinghouse da General Electric a Amurka, AEG a Jamus, Marelli a birnin Milan na Italiya. Fankokin wancan zamani gindinsu zubin baƙin ƙarfe ne, fukafukansu na tagulla, sai daga baya aka koma ƙarfe mara kauri da alminiyam, sa'annan roba. Irin waɗannan na farko ba su da yawa a wajenmu, domin kuran ya makara kafin ya iso garuruwanmu. Waɗanda muka gada mu su ne na bayansu, irin su GEC ta Ingila, KDK da National na Japan, SMC ta Hong Kong, Usha da Orient na Indiya, waɗanda iyayenmu suka yi ta ɗaukowa daga Kano, Legas da Kwatano. Da yawa cikinsu na nan suna juyawa, alhali masu su sun daɗe da riga mu gidan gaskiya.

Mene ne sirrin wannan ƙarko? Babu wani tsafi a ciki. Moton fanka sassa kaɗan gare shi: akwai ɓangaren da ke tsaye wanda aka naɗe da siririyar jar waya, akwai wanda ke juyawa, akwai boris ko bushi da sandar ke gudana a kai, akwai kuma kwandansa da ke ba moton tunkuɗar farko. Masu ƙira na da ba su yi rowar ƙarfe da jar waya ba, don haka moton ba ya saurin ɗaukar zafi, kuma zafi shi ne babban abin da ke cinye fentin da ke raba waya da ƴar uwarta har su haɗe su ƙone. Bugu da ƙari, da noti da kusoshi suka haɗa kayansu, kowane makaniki na iya kwancewa ya mayar. Yawancin masu arahar da ke cika kasuwa yanzu kuwa wayarsu ta alminiyam ce, wadda ƙarfin ɗaukar wutarta kusan kashi 60 ne kacal cikin 100 na jar waya mai kauri ɗaya da ita, ba ta kuma kama dalma da sauƙi idan ta tsinke. Ga shi wutarmu takan yi ƙasa ta yi sama, moto mara ƙarfi ba ya jure haka. Araha ba ta ado.

Gyaran tsohuwar fanka ba abin tsoro ba ne. Idan ka kunna ta ta tsaya tana gurnani, amma da ka tura fukafukan da sanda sai ta kama gudu, to kwandansa ce ta mutu; a fankar rufi yawanci mai lamba 2.5 ce, a sayo irinta daidai a sa. Idan tana ƙara ko tana da nauyin juyawa, ƙurar hunturu ce ta haɗu da tsohon mai ta daskare. A kwance a wanke da kananzir, a bari ya bushe sarai, a ɗiga man keken ɗinki a bushi, ko a sauya boris. Idan tana rawa, a auna fukafukan, wataƙila ɗaya ya lanƙwashe. Sai in an ji warin ƙuna, waya ta yi baƙi, sa'annan ake zuwa ga mai naɗin waya. Gwani a wannan sana'a ba ya cire tsohuwar waya sai ya ƙidaya zagayen kowane naɗi, ya auna kaurinta, ya lura da yadda aka haɗa bakunan, ya mayar da sabuwa daidai wa daida, ya shafa banis ya busar. Wanda ya rage zagaye don ya ci ribar waya, fankar za ta yi gudu sati guda ta sake ƙonewa.

Akwai hattara guda biyu. Tsohuwar igiyar wuta, musamman mai rufin zare, a sauya ta tun kafin a jona, a kuma sa wa gangar ƙarfen wayar ƙasa, domin fanka mai jan mutum ba abin ajiyewa ba ce a inda yara ke shiga. Na biyu, a duba ɗan allon da ke jikin moton. Wutarmu ta bolt 220 ce, ta Amurka kuwa 110 zuwa 120. In aka jona ƴar Amurka kai tsaye, nan take za ta yi hayaƙi.

Wani zai ce mana, to ai tsohuwar fanka ta fi shan wuta. Gaskiya ne, ba mu musa ba. Fankar rufi ta gargajiya kan ci wat 75 ko fiye, sabbin nan masu moton maganaɗisu kuwa wajen wat 30 suke ci. In kowacce ta yi awa 10 kullum har kwana 30, ta farko ta ci kilowat 22.5, ta biyu 9. Haka kuma wanda ke ƙauyen da babu turakun NIGELEC, fanka mai batir da faifan rana ita ce tasa. Duk wannan mun yarda. Amma a yi lissafin har ƙarshe. Mai shan wuta kaɗan ta ƙwarai tana da tsada, kuma in allon da ke cikinta ya lalace da wuya a samu mai gyara a kasuwar ƙauye. Wadda talaka ke saye kuwa, mai arahar, ba ta rage wutar ba, ba ta kuma yi ƙarko ba. Wanda ya sayi irinta uku cikin shekara biyar, me ya tara?

Kada kuma mu manta da abin da ya same mu. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka sake rufewa, aka kuma yanke wutar da ke zuwa mana daga can, har zuwa Maris na 2024. A waɗannan watanni, da kaya suka yi wuyar shigowa, wa muka nema? Wannan bawan Allah da ke zaune a lungun kasuwa da mitarsa da ƙullin jar waya. Shi ne dai ke naɗa moton famfon rijiyar lambu, da na injin niƙa, da na janareto. A kan fanka yaransa ke koyon aikin, domin ita ce mafi sauƙi. Ranar da muka daina kai masa fanka, mun toshe ƙofar da almajiran sana'ar ke shigowa, kuma mu ne za mu koka ranar da famfo ya ƙone a tsakiyar rani.

Saboda haka kiranmu ga ƴan uwa ƴan kasuwa shi ne, kafin ka miƙa wa ɗan gwangwan tsohuwar fanka, kai ta wurin mai gyara ya duba tukuna. Masu sayar da kayan wuta su riƙa ajiye kwandansa, boris da jar waya ta gaskiya a rumfunansu, akwai masu nema. Wanda ke sayar da sabuwa kuma ya ji tsoron Allah ya faɗi abin da ke cikinta. Kankare bakin waya da wuƙa ya isa ya nuna ja ce har ciki ko fara ce aka shafa wa launi. Shugabannin kasuwanni su ware wa masu naɗin waya rumfuna a wuri mai kyau, cibiyoyin koyon sana'a na gwamnati su ɗauki dattawan cikinsu su koyar. Su ma ƴan gwangwan, da za su ware masu kyau su sayar wa masu gyara a matsayin fanka, da sun fi samun kuɗi bisa ga kilo.

Da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya sa mu gane, ya kuma kawo mana zafin bana da sauƙi.