Maganin gargajiya na ƙasar Sin: a auna shi kafin a sha

Saiwoyi da ganyaye da garin magani na ƙasar Sin sun daɗe suna ƙetare iyakoki. Mai saye kuwa sunan da ke bisa ƙunshi kaɗai yake dubawa, alhali suna ba ya faɗin abin da ke ciki.

A farkon shekarun 1990, a birnin Burusal na ƙasar Beljik, an ba mata wani haɗin rage ƙiba. Saiwar da aka nufa ita ce han fang ji, amma aka sa guang fang ji a madadinta, saboda sunayen sun yi kama. Ta biyun tana da guba mai lalata ƙoda. Mata fiye da 100 suka kamu, har aka yi wa wasu dashen ƙoda. A ɗakin awo ne aka gano musanyar.

Yaya ake wannan awo? Ana jiƙa garin magani, a ɗiga ruwansa bisa wani faranti mai shafe da farin gari, a tsoma gindin farantin cikin wani ruwa na musamman. Ruwan ya riƙa hawa kamar yadda kananzir ke hawan lagwani, yana jan sinadaran da ke cikin ɗigon. Wani ya yi nisa, wani ya tsaya kusa, kowane ya bar tabonsa. Sai a gwada tabon da na sinadari tsantsa wanda aka riga aka sani. Wannan hanya ba ta da tsada. In ana son sanin adadi daidai, akwai na'ura mai suna HPLC, wadda ke tura ruwan da ƙarfi ta cikin siririn bututu, kowane sinadari ya fito a lokacinsa, a auna yawansa.

Ko ganye na ƙwarai yana bukatar awo. Daga qinghao, ɗan'uwan tazargade, Tu Youyou da abokan aikinta suka fitar da artemisinin a 1972, maganin masassarar cizon sauro. Amma yawan sinadarin cikin ganyen yana sauyawa bisa ga iri da ƙasa da lokacin girbi. Shi ya sa a 2019 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙi amincewa da shan jiƙonsa a maimakon ƙwaya. Magani kaɗan ba ya gama da cutar, yana iya ma koya mata jurewa.

Ya kamata ma'aikatan duwan da na kiwon lafiya su riƙa neman takardar awo ga kowane kayan magani da ya shigo, su kuma ɗebi samfuri su aika ɗakin awo na ƙasa a sake dubawa.