Wasiƙa ga Masu Kiwon Kifin Ado: Batun Busasshen Ganye



Na ga yayin zuba busasshen ganye a akwatin gilashin kifi ya fara kama mu. Abu ne mai kyau, sai dai kafin ku jefa ganye ko guda, ku tambayi kanku daga wane ruwa kifinku ya fito.

Kogin Rio Negro na ƙasar Brazil, inda ake kamo ƙananan kifayen kadinal tetra, ruwansa kamar shayin da ba madara yake, saboda ganyayen daji da ke ruɓewa a ciki. Kifin beta ma, wanda masu kiwo a Tailan suka daɗe suna jiƙa masa ganyen katapa, a fadamu da gonakin shinkafa asalinsa yake. Namijin yakan tara kumfarsa a ƙarƙashin ganyen da ke yawo a saman ruwa, nan yake ajiye ƙwai. Irin waɗannan kifayen ne ganye ke yi wa rana. Amma sikilid na tafkin Malawi ko Tanganyika ruwa mai kanwa-kanwa suka saba da shi, wanda ma'aunin pH ɗinsa kan kai 8, don haka ku ƙyale su.

Abin da ganyen ke saki shi ne sinadarin tanin, dangin wanda majema ke samu a bagaruwa. Shi ke rina ruwa, ya ɗan ƙara masa tsami. Na ce "ɗan" da gangan. In ruwan rijiyar burtsatsenku mai yawan ma'adinai ne, irin mai barin farin tabo a tukunya, launi kawai zai canza, ma'auni ba zai motsa sosai ba. Ku gwada ruwan, kada ku yi ƙiyasi da ido.

Katapa 'yar'uwar baushe ce, kuma ana shuka ta don inuwa a garuruwanmu da dama. Ku tsinci ganyenta wanda ya bushe ya faɗo da kansa, ya yi ja-ja. Ɗanye ruɓewa yake da sauri, ya cinye iskar da kifi ke shaƙa. Na bakin titi da na inda ake feshi, ku bar su. Darbejiya, turare da tumfafiya kuwa, ko kusa. Ganyen gwaba yana yi.

A wanke, a sa babba guda ɗaya a lita 40, a jira. Zai yi kwana ɗaya ko biyu a sama kafin ya nutse. Daga nan wani farin yauƙi kan fito a jikinsa, mai kaya ya firgita ya tsame shi. Ku bar shi, abincin ƙananan jatan lande da 'ya'yan kifi ne, za ku gan su sun yi masa ca suna tsattsaga.

Masu sayarwa, da ku nake a nan: ku daina ce wa mutane ganyen magani ne. Kifin da fararen ɗige-ɗige suka fito masa yana buƙatar a ware shi a yi masa magani na gaske, kuma ganye ba ya ɗauke wa kowa canjin ruwa na mako-mako. Ku kuma gaya wa mai saye cewa in akwai gawayin tace ruwa a cikin filtarsa, zai shanye launin, ya dawo yana zargin kun sayar masa da jabu.

Wassalam,
Wani mai kiwon kifin ado